Bi Onah da Gawa ta Bakwai

Duk wanda aka haifa a ƙauyen Cihonje, daga ƙarshen mulkin mallakar Japanawa zuwa shekarar da aka kawo wutar lantarki, hannun Bi Onah, wato inna Onah, shi ne ya fara taɓa shi. Duk macen da ta rasu a tsakanin nan kuma, hannun nata ne na ƙarshe a jikinta. Ita ce ungozomar garin, ita ce kuma mai wankan gawar mata. Mijinta Mang Ocim, wato kawu Ocim, yakan tsokane ta, ya ce ai ita ce ƙofar gari, ta nan ake shiga, ta nan ake fita.

"Ci gaba, Kang," in ji ta, don haka matan garin suke kiran mazajensu. "Ranar da ka biyo ta ƙofar, bakin nan zan fara ɗaurewa, in huta."

'Yar gajeriyar mace ce, mai faɗin tafin ƙafa saboda hawan tudu ba takalmi. Wajen kakarta ta gaji aikin. Tun tana shekara goma sha uku take bin tsohuwar da kwandon kafur da ganyen magarya, kuma abu ɗaya tsohuwar ta yi ta nanata mata har ta koma ga Allah: ido yakan yi ƙarya, amma hannu ba ya yi. Ta auri Ocim, mai tatsar itacen aren, wani dangin giginya, wanda kullum da sassafe yake hawa da gorar ruwa a baya, ya sauko da zaƙin da suke dafawa ya zama mazarƙwaila. Ta haihu huɗu, ɗaya ya tsaya, shi ma da ya girma ya haye teku zuwa Lampung noman kofi, sai dai wasiƙa duk Sallah. Ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Takan ce macen da ta yanke cibiyar rabin gari ba ta da bakin cewa ba ta da 'ya'ya.

Tana wajen shekara arba'in da biyar abin ya faru. Ruwa ya kwana shida yana zuba, yau da ƙarfi, gobe yayyafi, gajimare kuma ya sauko ya zauna a kan Dutsen Karikil har ba ka iya ganin garken ɓaunar noma ta maƙwabcinka. Ranar Talata bayan la'asar Onah tana juya mazarƙwaila a kasko, sai ta ji ƙugin jirgin sama. Sun saba jin jirage can sama kamar kukan sauro, amma wannan ƙasa-ƙasa ya biyo, har kwanukan da ke kan kanta suka yi rawa. Ƙugin ya nufi dutse, ya ƙara ƙarfi kamar mai yunƙurin tashi, sai aka ji wani dum da ya ratsa ƙasa ya shigo ta tafin ƙafa. Daga nan shiru, sai sautin ruwa a kan rufi.

Ocim ya ajiye wuƙar da yake wasawa. "Innalillahi. Wannan bai tsallake ba."

Aka buga gangar kiran jama'a da ke masallaci, maza suka taru. Babu mai iya hawa Karikil a wannan yammacin, don haka aka tsaida magana sai gari ya waye. Mai gari ya tashi mutum biyu su kai labari ga hukuma, amma kafin magariba suka dawo: kogi ya cinye gada, ƙasa kuma ta zabtare ta rufe hanya. Sai dai su zagaya ta bayan tudu, tafiyar kwana biyu.

Da gari ya waye mutum ashirin da uku suka hallara a ƙofar masallaci da adduna da igiyoyi. Sai ga Onah da kwandonta a baya, ta ɗaure zani ya tsaya a gwiwa. Liman, Haji Sobandi, wanda kowa yake kira Abah, wato baba, ya dube ta ya girgiza kai.

"Onah, wannan ba hawan mace ba ne. Ki zauna, in mun sauko da su sai ki yi aikinki."

"Abah, jirgin nan maza zalla ya ɗauko?"

"Wa ya sani?"

"To in akwai mata, kuma tufafinsu sun yage, wane ne a cikinku zai suturta su?"

Liman ya juya ya ce wa Ocim, "Ka riƙe matarka a wajen santsi."

"Ita za ta riƙe ni, Abah," in ji Ocim.

Sun kusa awa biyar suna hawa, suna sara hanya cikin gora da ƙaya, laka har ƙauri, matsattsaku na manne musu a ƙafa suna cirewa. Warin kananzir ne ya fara tarbar su, sannan suka ga kawunan itatuwa a gutsure kamar an bi da lauje. Jirgin ya rabu gida uku. Gaban ya ƙone ƙurmus a jikin dutse, tsakiyar ta tarwatse, jelar kuma ta gangara cikin wani kwazazzabo ta tsaya a jikin itace. Ga akwatuna a fashe, ga takalma, ga lemo a warwatse cikin laka. Suka yi ta kira, suna sauraro. Babu wanda ya amsa.

Aka samu wani ɗan fili mai shimfiɗa, maza suka riƙa ɗauko mutane suna jerawa a kan ganye, maza gefe guda, mata gefe guda. Da aka gama ƙirga aka samu talatin da shida, mata goma sha ɗaya. Wasu samari majiya ƙarfi suka koma bayan itace suna amai. Onah ta ajiye kwando, ta yi bisimilla, ta fara daga ta farko: ta rufe ido, ta gyara zani, ta share fuska, ta ɗaure haɓa, tana yi musu magana a hankali kamar yadda ta saba. "Sannu, baiwar Allah. Kin yi nisa da gida. Bari in gyara miki." Duk sun sandare, sai ta yi dabara kafin hannu ya kwanta.

Ta bakwai yarinya ce da ba ta wuce ashirin da biyu ba, cikin shuɗin kayan ma'aikatan jirgi. Daga jelar aka ɗauko ta. Fuskarta ta yi fari fat, leɓɓanta sun yi shuɗi, jini ya bushe a gashinta, cinyarta ta hagu kuma ta karkace. Onah ta kama hannunta za ta miƙar, sai hannun ya biyo ta ba gardama. Ta taɓa haɓa, ita ma da laushi. Ta tsaya. Ta zura yatsu cikin hamatar yarinyar, sanyi ne, amma ba irin sanyin sauran ba. Sannan ta ɗage gashin wuyanta, ta ga wani matsattsaku ya manne a bayan kunne, ya cika tim, kuma yana kan sha.

"Kang," ta kira mijinta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Zo da gorar nan taka."

Ocim ya zo. "Mene ne?"

"Wannan ba tawa ba ce tukuna."

"Onah, ni na ɗauko ta da hannuna. Sanyi ƙalau, ba ta numfashi."

"Ka taɓa ganin matsattsaku yana shan jinin gawa?"

Liman ya matso, ya kara bayan agogonsa a hancin yarinyar. Aka daɗe ana kallo, kafin wani ɗan dushi-dushi ya bayyana a jikin ƙarfen ya ɓace. Tsohon ya zauna daɓas a laka yana tasbihi.

Onah ta sa maza suka juya baya. Ta tuɓe wa yarinyar jiƙaƙƙun kaya, ta kwance nata zanen, ta rungume ta fata da fata kamar yadda take yi wa bakwaini, aka lulluɓe su da zannuwan maza uku. Ocim ya hura wuta da ƙyar, ya narka mazarƙwaila a ruwan ɗumi, Onah ta riƙa ɗiga mata a harshe da ɗan yatsa. Ɗigo na farko ya gangaro ta gefen baki, na biyu ma haka. Can sai maƙogwaro ya motsa. Kafin su tashi, Onah ta sa aka sake bin sauran talatin da biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ita da kanta ta taɓa kowa, har mazan. Ba a samu wani ba.

Aka ɗaure cinyar da tsagin gora, aka rataya zani a doguwar gora aka sa ta ciki, mutum huɗu suna karɓa-karɓa. Sauran suka tsaya gadin gawawwaki saboda aladun daji. Onah tana tafe a gefe, hannunta a wuyan yarinyar tun daga kan dutse har ƙofar gidanta.

Kwana biyu yarinyar ba ta san inda take ba. Maɗorin garin ya zo ya ja ƙafar ya ɗora, ko motsi ba ta yi ba. Onah ta shimfiɗa mata kusa da murhu, tana wanke raunin kanta da ruwan gishiri, tana ɗura mata ruwan kwakwa da romon kaza. Da za ta wanke shuɗin kayan, ta samu wata takarda a ninke cikin aljihu, ta jiƙe sharkaf. Onah ba ta karatu, amma ba ta yar da abu mai rubutu, sai ta ware ta a hankali ta shanya a saman murhu.

Ranar Juma'a da hantsi yarinyar ta buɗe ido. Ta kalli rufin da hayaƙi ya baƙanta, ta kalli 'yar matar da ke tsugune a gabanta, ta yi magana da yaren ƙasa. Onah kuwa Sundanci, yaren yankinsu, kawai take ji, sai ta ƙwala wa Ocim kira, shi da yake da ɗan yaren kasuwa.

"Ta ce sunanta Lince, 'yar Manado ce, can hayin teku," in ji Ocim. "Tana tambaya ina sauran. Wai fasinja talatin da ɗaya ne, su kuma ma'aikata biyar."

Ocim ya sosa ƙeya. "In ce suna wani gida?"

"Kada ka yi mata ƙarya, Kang. Da me za ka gyara gobe?"

Onah ta kama hannun yarinyar, ta ɗaga yatsa ɗaya, ta nuna ta. Ba sai an fassara ba. Lince ta daɗe tana kallon yatsan, sannan ta juya fuska ga bango. Ranar ba ta ci komai ba, washegari ma haka. In an kai cokali sai ta datse haƙora. Abin da kawai Ocim ya tsinta a bakinta shi ne, ita aka ɗora wa kula da mutanen nan, ita ce ta ce su ɗaura bel ɗin kujera su kwantar da hankali, ga shi kuwa ita kaɗai ta rage.

Onah ta lallashe ta, ta yi mata faɗa da Sundanci, duk a banza. "Ka gaya mata," ta ce da Ocim, "kaza biyu na yanka saboda ita, kuma ɗayar mai ƙwai ce."

"Ban san yadda ake cewa mai ƙwai ba."

"To me kake yi a kasuwar shekara ashirin?"

A can kan dutse kuma al'amari ya ƙi jira. Ruwa bai tsaya ba, hukuma ba ta iso ba, gawawwaki sun kwana huɗu. Liman ya yanke cewa a binne su inda suke. Amma abu biyu suka tsaya masa a rai, ya zo ya zauna a barandar Onah yana faɗa. Na ɗaya, bai san wa za a yi wa salla ba, wa ba za a yi wa ba. Na biyu, gobe in 'yan uwansu suka zo suna neman nasu, me za a nuna musu? Tudun ƙasa talatin da biyar ba suna?

Onah ta tashi ta ciro takardar nan daga saman murhu, ta shiga ta ɗora a kan tabarma, dab da fuskar Lince. Yarinyar ta dube ta, sai ga shi ta miƙa hannu. Jerin sunayen fasinjoji ne, tawadar ta baje amma tana karantuwa.

A ranar Onah ta sake hawa dutsen. Daga jikin kowane mamaci ta ɗauko abu guda, ɗan kunne, ko agogo, ko carbi, ko yankin riga, ta ɗaura masa zare mai ƙulli daidai da matsayinsa a layi. Ta sauko da su cikin kwando, ta zauna gaban Lince, liman a bakin ƙofa da littafinsa da alƙalami, Ocim a tsakiya yana fassara.

Lince ta ɗauki ɗan kunne na farko. "Kujera ta huɗu, wajen taga. Ta roƙe ni ruwan zafi za ta dama wa ɗanta madara." Ta bi takardar da yatsa ta karanta sunan. Ta ɗauki agogo. "Wannan na dattijon da ya karɓi alewa uku ne, ya ce jikokinsa uku. Ya yi bisimilla da za mu tashi." Ta ɗauki wani yankin shuɗin yadi irin nata, ta riƙe shi a ƙirji, sannan ta faɗi sunan abokiyar aikinta da garinsu. Liman yana rubutawa da ajami, ƙulli kaza, wane ɗan wane. Ta gane ashirin da tara. Shida suka gagara, liman ya rubuta kamanninsu da tufafinsu.

"Waɗanda suke namu za mu yi musu salla," in ji liman. "Waɗanda suke Kiristoci irinta, ta yi musu addu'a daga inda take kwance. Wanka da sutura kuwa kowa zai samu. Waɗanda ba mu sani ba, Allah ya san bayinsa."

Da aka gama, Lince ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun da ta farfaɗo. Onah ta bar ta sai da ta gaji don kanta, sannan ta miƙa mata kwanon shinkafa da romo. Ta karɓa ta cinye, har ta tambaya ko akwai barkono.

Farin yadi bai isa ba a garin. Tsofaffi suka fito da likkafanin da suka tanada wa kansu a ƙasan akwati, Onah ma ta kawo nata. Da bai kai ba, mata suka kawo fararen mayafansu na salla. Ranar Lahadi aka binne mutanen a layi biyu, kowane kabari da gungumen itace mai tsaga daidai da ƙullinsa. Ranar Litinin rana ta fito, sojoji suka iso a ƙafa, bayansu kuma jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin makaranta. Da Lince ta ji ƙararsa ta ƙanƙame Onah har sai da faratanta suka bar shaida. Likitan sojan ya duba ɗorin ya ce a bar shi yadda yake, sannan ya yi mata allurar barci aka ɗauke ta. Onah ta koma gida ta naɗe tabarmar, ta zauna tana kallon wurin. Ocim ya ce ta ci abinci, ta ce ba yanzu ba.

Cikin watannin da suka biyo baya, baƙi suka yi ta zuwa Cihonje daga garuruwan da mutanen ƙauyen ba su taɓa jin sunansu ba. Kowa ya zo, sai liman ya buɗe littafi, Onah ta kwance zare ta miƙa masa abin ɗan uwansa, Ocim ya raka shi har kan kabari. Wasu suka tone suka tafi da nasu, wasu suka ce inda aka suturta shi da mutunci nan ne gidansa. Ko shidan nan, sai da aka gane huɗu ta kamannin da liman ya rubuta. Wani mutumin Padang da ya karɓi ɗan kunnen matarsa ya tambayi wa ya wanke ta, aka nuna masa Onah. Ya tsaya gabanta ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa. Hukuma ma ta aiko da takardar yabo mai hatimi da sunan mai gari a jiki. Onah ta ce ya yi daidai, shi ne mai bangon da za a rataya.

Bayan wata takwas, ana girbin shinkafa, sai ga Lince tana hawo tudu da sanda, tana ɗingishi, wata dattijuwa mai ƙiba tana haki a bayanta. Mahaifiyarta ce, ta yi kwana biyar a jirgin ruwa don ta zo. Tana ganin Onah ta zube a ƙasa ta kama ƙafafunta. Kunya ta rufe Onah, ta rasa inda za ta sa kanta, sai ita ma ta durƙusa, suka yi ta kuka gwiwa da gwiwa, ɗaya da yarenta, ɗaya da nata.

Lince ta koyo 'yan kalmomin Sundanci a asibiti. Ta ce, "Ema, na dawo." Ema shi ne yadda ɗa yake kiran uwa.

"Na gani, Neng. Kin rame. Ba sa yanka kaza a birnin?" in ji Onah. Neng kuma shi ne yadda babba yake kiran yarinya.

Ba ta sake aikin jirgi ba. Ta samu aiki a gidan waya a Bandung, ta auri wani malamin makaranta, ta haifi 'ya'ya uku, kuma ko wace haihuwa sai ta aiko a ɗauko Onah ta yi mata wankan jego, duk da akwai asibiti. Kowace shekara takan zo sau biyu: ranar da jirgin ya faɗi, ta hau dutse da ɗingishinta ta share kaburbura, sai kuma ƙaramar Sallah, ta zo da yadi da busasshen kifi da wani yajin garinsu da yake sa Ocim hawaye yana ƙari. Ranar Lahadi takan zauna a baranda ta karanta littafin addininta, Onah kuma ta hana yara hayaniya har ta gama. Da Ocim ya kwanta ciwon ƙirjin da ya zama ajalinsa, Lince ce ta ɗauki hutu ta zo ta yi jinyarsa tare da Onah, ita ce kuma ta buga wa ɗansu waya a Lampung har ya samu ganawa da ubansa.

Mutane sukan ce wa Onah ta ceci rai, Allah zai biya ta. Ita ba haka take kallon abin ba. Takan ce, "Ni me na yi? Na je wankan gawa ne, aka ba ni 'ya. Mutum ashirin da uku suka wuce ta, Allah ya ajiye mini. In akwai mai godiya ai ni ce." Ta ci gaba da aikinta har gwamnati ta kawo ungozomar asibiti, wata yarinya mai babur. Onah ba ta yi kishi ba, ta riƙa raka ta gida-gida har matan garin suka saba da ita.

Tana wajen shekara saba'in da biyar yanar ido ta rufe mata idanu biyu. Ta shekara huɗu tana lalube, ta san kowa ta murya, tana cewa ta ga abin da za ta gani a duniya. Lince ta yi ta fama da ita a je a cire, tana ƙi.

"Wuƙa a ido, Neng? Ni da na san yadda nama yake?"

"Ema, kin bari an ja mini ƙafa ina sume, ba ki nemi izinina ba. Yanzu lokacina ne."

Haka ta sa ta a mota zuwa Bandung. Kwana ɗaya bayan aikin, ma'aikaciyar jinya ta kwance bandejin ido na farko. Onah ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba. Ta ga farin bango, ta ga koren labule, sannan ta ga wata mata mai tabarau da furfura a gefen kai ta sunkuyo tana leƙen fuskarta.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce, Ema."

Onah ta kai hannu ta shafa kumatun, ta shafa goshin. "Ashe kin tsufa, Neng. Ba wanda ya gaya mini."

"Shekarata hamsin da shida. Har jika gare ni, kin manta?"

"Na sani da ka. Ban gani da ido ba." Ta ƙara kallonta sosai, ta jinjina kai. "Alhamdulillahi. Hamsin da shida. Kai, Allah ya yi mana alheri."

Lince ta so ta riƙe ta wata guda a birni, amma kwana goma Onah ta ce kajinta suna hannun maƙwabta. A hanyar komawa ta ƙi zaman tsakiya, ta ce sai wajen taga. Tun daga bakin gari take faɗin abin da ta gani kamar yarinya: ga ɓauna da ɗanta, ga mace tana shanya barkono, ga wani ya yi wa masallaci fenti ruwan ɗorawa. Da suka fara hawan tudu ta hango gonakin Cihonje hawa-hawa, shinkafa ta fara nuna, ta dafa kafaɗar direba ta ce ya rage gudu.

"Wancan rufin ja na wane ne, kusa da namu?"

"Naki ne, Ema. Bara muka sake shi, ke ce ma kika ce a sa ja."

"Ni na ce?" Ta kara hannu a goshi ta daɗe tana dubawa. "To ai na iya zaɓe. Malam direba, tsaya nan, sauran da ƙafa zan ƙarasa."